Ambulan ɗin da Na Buɗe

Ranar Talata ce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ina zaune a teburina a rajista ina buɗe wasiƙun da suka shigo, sai masinjanmu ya leƙo. Dattijo ne ɗan ƙabilar Gbagyi, daga Orozo yake zuwa aiki Garki, a nan Abuja, kullum. Bai shigo ba. A bakin ƙofa ya tsaya, hularsa a hannu.

Ya ce, "Malam, oga tana kiranka. Waya ne daga Lokoja."

Ogan namu namiji ne, amma haka dattijon yake Hausarsa, mun saba. Abin da ban saba ba shi ne ya cire hula don zai yi mini magana.

Waya ɗaya ce a duk hawan benenmu, a kan teburin oga. Ya miƙo mini, ya tashi ya fita, ya ja ƙofa. Muryar ƙanen matata ce. Ya ce motar da suka shigo daga Ikko ta kife kafin su shiga Lokoja, shi ya karye a hannu, yana asibiti. 

Na ce, "Yarinyar fa?"

Ya ce, "Yaya, sai haƙuri."

Na yi innalillahi, na ajiye wayar. Na koma teburina. Wasiƙu bakwai suka rage, na buɗe su, na buga musu hatimi, na shigar da su littafi, sannan na je na nemi izinin tafiya. Har yau ban san abin da ya sa na tsaya yin haka ba.

'Yata ce ta fari. Ba zan rubuta sunanta a nan ba, domin ko tana raye ban taɓa kiransa ba. Haka muka taso a garinmu, ɗan fari ba a kama sunansa, ba a zama ana hira da shi, ba a yabonsa a gaban mutane. "Ke" nake ce mata. Idan ina son sanin wani abu game da ita, sai in tambayi uwarta, ita ma uwar ta tambayi ƙannenta. Shekara goma sha takwas muka yi a haka, kuma ban ɗauke shi a matsayin wani abu ba.

Abin da ya kai ta Ikko takarda ce. Sai na koma baya kaɗan kafin a gane.

A Ikko na fara aikin gwamnati, a can aka haife ta, a can ta yi firamare da ƙaramar sakandare, ta kuma yi aji huɗu. Tana gama aji huɗu aka ce ma'aikatarmu ta tattara ta koma Abuja, mazaunin gwamnati ya tashi. Mu ma'aikatan rajista ne muka fi kowa shan wuya. Fayil-fayil na shekara da shekaru muka ɗaure da igiya, muka loda a manyan motoci, muka zo muka sauke su a ɗakunan da ko kantoci ba a kafa ba. Aka ba ni gida ɗaki biyu a unguwar Area 2. Mako uku muna tsugune a ƙasa muna neman fayil ɗin da manya ke tambaya.

A lokacin tsarin jarrabawar gama sakandare ya riga ya canza. Jarrabawar ƙarshe ita kaɗai ba ta isa ba. Sai an haɗa da makin da ɗalibi ya samu a gwaje-gwajen aji, tun daga aji huɗu har aji shida, makaranta ta aika wa hukumar jarrabawa, sannan a fitar da sakamako. Wanda ya canza makaranta kuwa, dole tsohuwar makarantarsa ta rubuta makinsa, ta sa a ambulan, ta liƙe, shugaban makarantar ya sa hannu a kan bakin ambulan ɗin ya buga hatimi. Sabuwar makaranta ce kaɗai ke da ikon buɗewa. An yi haka ne don kada iyaye su gyara maki a hanya.

Ranar da za mu taso yarinyar ta kawo mini ambulan ɗin, ta durƙusa ta ce, "Baba, an ce a kai wa sabuwar makaranta." Na karɓa na sa a jakar aikina.

Aikina tun ina saurayi shi ne buɗe wasiƙa. Duk takardar da ta shigo ma'aikata ta hannuna take bi. In farke ambulan da 'yar wuƙata, in buga hatimin karɓa da kwanan wata, in huda kusurwar hagu ta sama, in zura zare, in ɗaura ta a fayil. Hannuna yana yin wannan ko da hankalina yana wani wuri. Wata safiya a cikin wannan hargitsi na ƙaura, na zazzage jakata a kan tebur, na bi abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, har da nata.

Na daɗe ina gaya wa kaina sabo ne kawai. Hatimin da hudar, lallai sabo ne. Amma farkewar, na ga sunan makarantar a bayan ambulan ɗin kafin in sa wuƙa. Ina so in ga makinta, kuma ba na iya tambayarta. Na karanta takardar sau biyu. Ba ta da maki ƙasa da saba'in, lissafi da ilimin halittu kuwa sun haura tamanin. Sai bayan na gama karantawa na ga hannuna ya riga ya buga hatimi ya huda.

Da muka je makarantar da aka samar mata a Garki, aka tura mu wurin malamar da ke riƙe da bayanan ɗalibai. Babbar mace ce, daga kudu, amma ta ji Hausa sosai. Ta ɗaga takardar ta leƙa ta cikin hudar, ta dube ni.

Ta ce, "Oga, a rajista kake aiki ko?"

Na ce e.

"Ai na gani. Ka buɗe, ka buga sitamfi, ka huda. Saura ka rubuta mata minti irin na fayil ka tura wa famanan sakatare."

Sauran malaman ɗakin suka yi dariya. Ni ma na yi murmushi. Sai ta daina wasa ta ce ba za ta iya karɓa ba, ko da ta yarda da ni, ƙa'ida ba ta yarda ba. Za a sa yarinyar a aji biyar ta fara karatu, amma in rubuta wa makarantar Ikko su aiko da wani a liƙe, kafin lokacin jarrabawa.

Yarinyar tana tsaye a bayana duk aka yi wannan. A hanyar komawa gida ina gaba tana biye, kamar yadda muka saba. Mun kusa shiga layinmu na ji muryarta.

"Baba, ashe ka ga makin nawa."

Na ce, "Na gani."

"Yaya ka gani?"

Na ce, "Ba laifi."

Iyakar abin da na ce ke nan. Da muka shiga gida uwarta ta tambaya, na ce makarantar Ikko ce ba ta yi takardar daidai ba, sai an sake. Yarinyar tana cire takalmi a bakin ƙofa, ta ji ni. Ba ta tona ni ba, a ranar ko bayanta.

Na rubuta wa makarantar Ikko wasiƙa, shiru. Bayan wata huɗu na sake rubutawa, shiru. Na san yadda wasiƙa irin wannan take kwana a ofis, ni ma akwai irinta a ƙasan tiren wasiƙuna. Abin da ya kamata shi ne in ɗauki hutun kwana uku in je da kaina. Amma ma'aikata ba ta gama zama ba, kullum ana neman wani fayil da ya ɓata a hanya, kuma ni ake kira. Na ce sai an ɗan natsu. Aji biyar ya wuce. A aji shida malamar ta aiko yarinyar da 'yar takarda tana tuna mini, na ce a gaya mata yana hanya. Aka yi jarrabawa.

Da sakamako ya fito aka manna a allon makaranta. Ƙanenta ne ya dawo ya gaya wa uwarsu, ita kuma ta gaya mini. Sunanta yana nan, lambarta tana nan, amma gaban kowane darasi babu komai. An riƙe sakamakon saboda makin aji huɗu bai je ba. A lokacin ta riga ta cike fom na makarantar koyon aikin jinya, kuma sun ba da mako shida a kai shaidar kammala sakandare, in ba haka ba gurbin ya tafi.

Na shiga wurin oga neman hutu. Ya ce ana shirin zuwan masu binciken fayil, in bari sai wata mai zuwa. Ban matsa ba. Da na gaya masa dalilin, na san zai bar ni, mutumin kirki ne. Amma gaya masa dalilin yana nufin in faɗi abin da na yi.

Kawun nata, ƙanen matata, fataucin shanu yake yi tsakanin kasuwar Dei-Dei ta Abuja da Agege ta Ikko. Ya zo gaishe mu ya ji maganar, ya ce ai shi jibi zai tafi, ta bi shi, ta sauka gidan goggonta da ke can, ranar Litinin su je makarantar tare. Ya ce mata, "Ke dai ki shirya, likita. In kin fara aiki allurata kyauta ce." Ta yi dariya ta ce, "Kawu, kai da ke gudun allura ko ta shanu ce." Da safe ta zo ta durƙusa ta yi mini sallama. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Na so in ƙara wata magana, ban ƙara ba.

A Lokoja aka binne ta, ran Talatar nan kafin magariba. Kawun yana kwance da hannu a ɗaure ya sa aka miƙo mini jakarta. Ya ce sun samu takardar ba wata wahala, cikin awa biyu aka yi musu, shugaban makarantar ma ya tuna da ita. Ya ce tun daga Ikko jakar tana kan cinyarta, ta ƙi yarda a sa ta a but ɗin mota. Ambulan ɗin yana ciki, ta naɗe shi a leda ta sa a tsakiyar littafi don kada ya lanƙwashe. Sa hannun yana kan bakinsa, hatimin bai taɓu ba.

Bayan sadakar arba'in matata ta same ni bayan sallar la'asar. Ba mai yawan magana ba ce, a kan wannan yarinyar ma ta fi ni kawaici. Ta zauna nesa kaɗan ta ce, "Malam, a kai musu takardar nan. Tunda saboda ita ta tafi, a fitar mata da sakamakonta. Ina so in san abin da ta ci."

Na ce to.

Na je ranar Alhamis. Malamar tana nan a teburinta. Da ta gan ni ta tashi tsaye, ta yi mini gaisuwa, ta ce yarinyar ba ta taɓa ba ta wahala ba. Na fito da ambulan ɗin. Ta juya shi ta duba bakin, ta ce wannan ya yi daidai. Ta ce za a iya fitar da sakamakon, ko da mai shi ba ta nan, tunda ta zauna jarrabawar. Sai dai lokacin aika maki ya wuce, don haka akwai fom da uba ko mai riƙo zai cike ya sa hannu, a haɗa da ambulan ɗin a aika wa hukumar tare. Ta ce in riƙe ambulan ɗin har in gama, don kada ya ɓata a ofishinsu.

Na zauna a benci na fara cikewa. Suna, lamba, shekarar jarrabawa, tsohuwar makaranta, sabuwar makaranta. Ban da wasiƙu biyun nan, wannan ne karo na farko da na rubuta cikakken sunanta tun ranar da na yi mata takardar haihuwa. A ƙasa akwai layi uku da aka ce a rubuta dalilin jinkiri.

Malamar ta ga na tsaya. Ta matso ta ce a hankali, "Oga, ka rubuta ƙaura daga Ikko. Kowa haka yake rubutawa, kuma ba ƙarya ba ne."

Na san ba za a tambaye ni ba. Na rubuta dubban takardu a rayuwata, na san kalmomin da ke sa fayil ya wuce. Amma na ga idan na rubuta ƙaura, wannan shi zai zauna a fayil ɗinta har abada, kuma ita ta san ba haka aka yi ba, ta rufa mini asiri shekara biyu. Idan kuma na rubuta gaskiya, bai kamata hukuma ta riga uwarta ji ba. Na ce wa malamar zan je gida in cike in dawo. Ta ce babu gaggawa.

Da na koma matata ta tambaya, na ce sun ba da fom, ana kan yi. Ta sake tambaya bayan wata biyu, ta sake bayan shekara. Daga nan ba ta ƙara ba. Ban sani ba ko ta haƙura ne, ko ta gane wani abu.

Na yi ritaya yanzu, mun bar gidan Area 2, malamar ma na ji ta koma garinsu. Ƙannen yarinyar duk sun gama sakandare, kowanne na je da kaina na karɓo masa satifiket. Nata sakamakon yana wurin hukuma a riƙe, ban san abin da ta ci ba. Ambulan ɗin yana cikin akwatina a ledar da ta naɗe shi, a liƙe, fom ɗin yana kansa. Layi ukun nan ban cike su ba, kuma har yau ban gaya wa uwarta ba.