Takun Baffa Sule a Kan Dutse

Duk wanda ya san Baffa Sule na Rurum ya san ba ya miƙa wa mutum abu a hannu. Ko allura ka zo aro, sai ya yago 'yar takarda ya rubuta maka kacici-kacici, ya nuna dutsen bayan gari da haɓa. "Tana can. In kana so, ka hau." Ƙanin mahaifina ne, tsohon ma'aikacin safiyo, masu awon ƙasa, kuma tun da ya yi ritaya ya mai da dutsen nan ɗakin ajiyarsa. Har irin dawar gidanmu, wadda muka gada daga kakanmu kuma ba a samunta a kasuwa, can yake ɓoye ta duk shekara cikin tulu da toka, wai kada mu tuƙe ta. Da ya rasu bana, saura kaɗan a yi shuka, babu wanda ya san inda tulun yake.

Amma bari in fara tuna muku da Alhaji Bala direba, mai tumbin nan, ranar da ya zo aron injin feshi. Takarda ta aika shi inda kuka ta rungumi dutse. Can ya sami gwangwani da wata takardar, ta tura shi kogon jemagu, daga nan har ƙololuwa. Ta ƙarshe cewa ta yi: "Injin yana bayan ƙofar zaure, inda ka cire takalmi." Ya sauko yana haki, ƙaya ta yage masa babbar riga.

"Malam Sule, ka ji tsoron Allah!"

"Ina ji, Alhaji. Shi ya sa na tausaya wa cikin nan naka."

Sai kuma ɗaliban nan da suka zo daga Kano da wani wasa: wani ya ɓoye akwati a dutse, saura su bi taswirar waya su nemo shi. Waya ta kai su daidai wurin, suka tura hannu, suka zaro takardar Baffa. Yana zaune a inuwa yana cin goro.

"Baba, kai ka ɗauke mana akwati?"

"Ni ne. Wurin ya yi arha, ko akuya ta gano shi."

"Amma waya ta ce nan ne!"

"To ku tambaye ta inda ya koma mana."

Wallahi sai la'asar suka same shi, kuma wata na zagayowa suka dawo da abokansu.

Mutum ɗaya ce ta taɓa yin maganinsa, matarsa Inna Asabe. Ya ɓoye mata atamfar Sallah, ya ba ta takarda. Ta karɓa ta ajiye. Da azahar ya nemi abinci, ta ce, "Malam, tuwonka yana inda atamfata take." Ranar muka ga Baffa ya hau dutse da sauri, ba wasa ba dariya!

To, bayan sadakar bakwai hadari ya fara haɗuwa. Inna ta ciro takarda daga aljihun rigarsa, da sunana a kai: "Habu, daga kukar, ka fuskanci gabas. Taku ɗari uku." Na ce kai, yau Baffa ya yi sauƙi! Kwana uku ina ƙirgawa, kullum ina ƙarewa a kan falalen dutse, ko ɓera ba zai ɓuya a wurin ba. Na tona, na leƙa, har kunama ta kusa sallamata. Na fara shirin zuwa kasuwar Kibiya in sayo wani irin, raina a ɓace, don na san dawar kakanmu ta ƙare a hannuna ke nan.

Inna ta dube ni ta ce, "Wai takun wa kake ƙirgawa?"

"Nawa mana, Inna."

"Ka ga yadda yake tafiya lokacin da ya hau da tulun nan, bayan kaka?"

Ban gani ba. Ina Kano, kuma duk sanda na kira shi cewa yake lafiya ƙalau, sai tsokana. Ta ɗauko sandarsa, ta nuna mini a tsakar gida: ƙafar dama ta matsa kaɗan, ta hagu ta biyo ta da ja.

Haka na yi washegari. Na dogara sandar, na riƙa jan ƙafa ina ƙirgawa, masu kiwo suna kallona suna dariya. Ɗari ukun ta cika ban kai ko rabin inda nake kaiwa ba. Ga tsagar dutse a gefena, ga tulu an liƙe bakinsa da laka. Na zauna a wurin na yi kuka, kuka sosai. Da wannan ƙafar ya hau shi kaɗai, ɗauke da tulu, bai gaya wa ɗayanmu ba, mu kuma ba mu lura ba.

Dawar ta tsiro, yanzu ta kai gwiwa. Ya Allah, ka jiƙan Baffa Sule, ka yafe mana sakacinmu, ka hutar da ƙafafun nan nasa a Aljanna.