Hanyar Malam Isyaku daga Erdington zuwa Hulme

Shekara biyar ke nan da muka kai Malam Isyaku makwancinsa a Birmingham, ranar da ruwan sama ya ƙi ɗagawa har muka watse. Da ma yakan ce ƙasar nan ko gawa ba ta bari ta tafi a bushe. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Yau ga ni, Tanko mai guga, wanda ya tsere daga firamare a aji uku, ina rubuta wa jarida labarin malamin lissafi. Da yana nan, da tun a layin farko ya fara lalubar jan biro.

Bakatsine ne. Karatu ya kawo shi, koyarwa ta riƙe shi, har ya yi furfura a wata sakandare ta Birmingham, ya yi ritaya a unguwar Erdington shi da matarsa Hajiya Rabi. Ni kuwa wani attajiri ne ya kawo ni in riƙa yi masa girki, ya koma gida ya manta da ni kamar tsohuwar laima. Daga ƙarshe na samu aiki a ɗakin wanki na wani gidan kula da tsofaffi a Manchester. A wajen wani suna muka haɗu. Na ji shi yana gyara wa wani likita karin magana, na ce a raina wannan sai na tsokane shi. Tsokanar ba ta ƙare ba sai da ƙasa ta shiga tsakaninmu.

Da ya ajiye alli, ya tsara wa kansa rana kamar jadawalin makaranta. Bayan asuba sai shayi da rediyo, ya ji abin da gida ke ciki. Da hantsi ya tafi laburaren unguwa ya karanta jaridu, yana yi wa masu rubutun tsaki. Daga nan ya bi babban titin Erdington yana gaisawa da mai kifi da mai gyaran takalmi. Sai ka ga wani ƙato da gemu, yana turo jariri a keke, ya ci birki ya ce masa "Sir", shi kuma ya tuna masa kujerar da yake zama da irin barcin da yake yi a aji.

Amma abin da ya fi so a ritayarsa shi ne bus pass, katin nan da ake ba tsofaffi su hau bas ta cikin gari kyauta. Malam ya zauna ya yi nazari, ya gano cewa idan ka sauka daga wannan ka hau waccan, ƙaramin gari bayan ƙaramin gari, za ka iya zuwa har Manchester. Yakan fito da hantsi da fulas ɗin shayi da dabino a aljihu, ya hau benen bas ya zauna a kujerar gaba, ya iso ƙofata a unguwar Hulme bayan magariba yana murmushi kamar wanda ya dawo daga Makka.

Na taɓa ce masa, "Malam, jirgin ƙasa fa yana nan, ba a soke shi ba. Ko rowa ce?"

Ya ce, "Tanko, na ƙare ƙuruciyata ina gudu kada ƙararrawa ta riga ni. Yanzu ba mai kaɗa mini ita. Bar ni in ga ƙasar da na zauna a cikinta ban gan ta ba."

Lokacin Kirsimeti yake zuwa ya kwana biyu. Dalili kuwa, ni nake riƙe aiki a ranakun, don abokan aikina su je wurin iyalansu, su ma su riƙe mini ranar Sallah. Gari a rufe, babu kanti, babu bas, ga ɗaliban jami'a 'yan arewa a ɗakunansu na unguwar Fallowfield suna kallon bango. Malam sai ya tara su a ɗan gidana ba tare da ya nemi izinina ba. In na taso daga aiki, tun daga matakala nake jin ƙanshin miyar kuka, in tarar da takalma jibge a bakin ƙofa kamar masallacin Juma'a. Masu digiri na uku suna tuƙa tuwon semo, shi yana tsaye a kansu yana ba da maki. Ni kuma ya gabatar da ni da cewa, "Ga mai gidan, farfesan ninke zanin gado." In ce da su kada su damu, a cikinmu ni kaɗai ne wanda aikinsa ke fita ba gyara.

A irin wannan zaman ne ya yi mini alkawari. Ya ce ranar da na cika sittin aka ba ni nawa katin, zai zo ya ɗauke ni mu bi hanyar tare, ya nuna mini inda ake shan shayi mai kyau da inda tumaki suka fi mutane yawa. Na ce in biya kuɗin mota mu tafi gobe mana. Ya ce a'a, hanyar ba ta masu komawa aiki ba ce, mai duba agogo zai ɓata ta.

Sai aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu. Aka ɗaga shekarun karɓar fansho, katin bas ma ya bi shi. Ina dosar sittin, sittin ɗin ta tashi ta ƙara gaba. In matsa, ta matsa, kamar mai bin wata. Malam ya yi ta yi mini bayani a kan teburina da cokula da murfin tukunya, ni dai abin da na gane shi ne sai na ƙara guga.

Ra'ayinsa a kan wannan bai taɓa sauyawa ba. Yakan ce don tuwon gobe ake wanke tukunya, to shi da ire-irensa sun wanke tasu, ba sadaka ake ba su ba. Amma ba ya yarda a yi kuka fiye da kima a gabansa, saboda abokan karatunsa na gida da ke faɗuwa a layin tantance masu fansho da takardu a hannu. Abin da ke ci masa rai daban ne. 'Yarsa Hadiza ma malama ce, an kuma ce mata sai ta doshi saba'in tana tsaye gaban allo. Ya ce, "Kowa maganar kuɗi yake. Shekarun da ƙafa ke iya kai mutum gidan ɗan'uwansa, su aka yanke. In an mayar maka da kuɗi, wa zai mayar maka da gwiwa?"

Bai ga katina ba. Ciwo ya kwantar da shi wata bazara, kafin sanyi ya shigo ya tafi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya leƙo yau. Laburaren da yake zuwa ba kullum ake buɗewa ba. Ɗaliban yanzu ba sa kallon bango, waya suke kallo, kowa da danginsa a tafin hannu, amma har yanzu in an ce ga tuwo sukan zo, don ban daina tara su ba. Ina jin zai yi tsaki, sa'annan ya tambayi wa ya saka wa miyar nan gishiri haka.

Da katin ya iso, na bar shi a aljihu ya daɗe ban taɓa shi ba. Sai bara na ce bari in je in gai da Hajiya ta hanyar Malam, tunda sunayen garuruwan sun zauna mini a ka saboda yawan jin su. Na hau bene, na zauna a gaba. Na ga tumakin. Shayin kuwa ruwan zafi ne kawai, Malam ya zuga shi. Can tsakiyar hanya na sauka a wani ƙauye don in canja mota, na tsaya a gindin wani ƙarfe mai allo, ba mota ba alamarta. Wani dattijo mai jan kare ya ce mini ai an daɗe da soke bas ɗin nan, ƙaramar hukuma ta daina biya.

Na kira Hajiya na ce, "Hajiya, hanyar Malam ta tsinke, zan juya."

Ta tambaye ni sunan ƙauyen, na faɗa mata yadda bakina ya iya. Sai ta ce, "Malam Tanko, ai tun yana da rai aka cire ta. Zuwansa biyu na ƙarshe da ƙafa yake taka wurin, har gari na gaba. Ya hana ni gaya maka, wai za ka ce ya daina zuwa."

Da na ce kuwa. Da na yi masa faɗa, in ce tsoho da sanda a cikin sanyin Disamba, don tuwon semo da surutun mai guga. Ya san ni sarai.

Na mayar da wayar aljihu na kama hanya. Gefen titi ne mai ciyawa, motoci na wucewa suna watsa mini ruwa, gwiwoyina suna kiran sunana ɗaya bayan ɗaya. Ana cewa zumunta a ƙafa take, na sha faɗa a wajen biki ban san nauyinta ba sai ranar. Malam bai bar gidan bene a Katsina ba, bai bar littafi da sunansa ba. Ya bar ƙattai masu gemu da ke miƙewa in an ambace shi, da ɗalibai da suka koma gida suna ba da labarin wata Kirsimeti da ba su ci abinci su kaɗai ba. Ni kuma ya bar mini wannan ɗan titin, wanda ya taka sau biyu yana haki don ya zo ya zauna a kujerata ya ce ban iya miya ba.

A gari na gaba na samu bas, na isa Erdington ƙafafuna a kumbure. Hajiya ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce in cire takalmin in zauna, ruwan ɗumi na nan tafe, ta san yadda ake yi.