Ɗakin Ƙarshen Gangare

A shekarun da na zauna a Utaibiyya, ɗakina ne na ƙarshe a gangaren lungunmu. Ruwan sama baƙo ne a Makka, amma in ya zo ba ya sallama, kuma duwatsun garin ba sa shan ko ɗigo. Da ya jiƙa mini littattafai, maƙwabta suka zauna bayan La'asar: a roƙi baladiyya, wato hukumar gari, ta ja magudana, ko kowa ya ɗaga dokin ƙofarsa?

Mai gidanmu, dattijo jikan alhazan Kano, ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri ya Ustaz, don ruwan sau ɗaya a shekara za a fasa titi?"

Na ce, "Baba, sau ɗayan nan a ɗakina yake sauka."

Aka yi dariya, kowa ya ɗaga dokin ƙofarsa, ruwan ya ƙara sanin hanyata. An ce injiniyoyi suna da dabarun auna amfani da asarar irin wannan aiki. Ko suna tambayar na ƙasa, oho. Ni ma na yi nawa awon: littattafan da nake ƙauna suka hau saman kanta, waɗanda ban taɓa gamawa ba suka gaji ƙasa.