Tsagar da ke jikin sandar Buba

Da safen nan waya ta same ni, ko koko ban kai baki ba. Buba ya rasu. Ɗansa ne ya kira daga rugarsu ta wajen Sule Tankarkar, ya ce jiya da hantsi ya cika, kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun ɗazu ina zaune wuri ɗaya, na kasa komai.

Yawancinku ba ku san Buba ba. Ni kuka sani, Malam Ilu mai littattafai, wanda kuke cika wa inbos da tambayar wace manhaja ce ta fi kyau wajen lissafin abin da mutum ya karanta. Jiya ma wata ta tambaye ni, na zuba mata bayani kamar gaske: wannan tana ƙirga shafi, waccan tana tuna miki kullum. To yau ku ji labarin wanda ya fi ni cancantar a tambaya, da abin da na yi masa.

Tare muka yi firamare a shekarun saba'in, naira ba ta daɗe da fitowa ba. Shi Bafillatani ne daga ruga, ni ɗan cikin gari. Kaɗo yake kira na, ni kuma in ce masa mai warin nono. Amma kindirmon da yake zuwa da shi a ɗan gora, rabi cikina yake tafiya. Ranar da ƙaya ta shige min dunduniya, goya ni ya yi har ƙofar gidanmu.

Muna aji bakwai aka kawo akwatin littattafai daga Gumel. Hedimasta ya raba wa kowa littafin rubutu, ya ce duk littafin da ka gama karantawa ka rubuta sunansa da rana. Ya kuma gaya mana fom ɗaya tak aka ba makarantarmu na kwalejin horon malamai, kuma wanda ya fi kowa karatu zai cike wa.

Ni aka ba makullin akwatin. Ban yi sati ba na gano cewa kwafe suna daga bangon littafi ya fi karatu sauƙi.

Buba kuwa karantawa yake yi da gaske, a wajen kiwo, bayan an tashi daga makaranta. Littafin rubutun nasa ya jefa shi ƙarƙashin gadon innarsa, wai takarda ba ta jure daji. Sandarsa ce lissafinsa. Ya fara littafi, ya sa wuƙa ya yi tsaga ɗaya. Ya gama, ya gicciye ta. Ka ɗora yatsa a kan kowace tsaga ka ga dama, zai ba ka labarin daga farko har ƙarshe, har da muryar kowa a ciki.

A hanyar makaranta yake ba ni labaran nan. Ina ji, ina adanawa.

Ranar zaɓe Hedimasta ya fito da mu biyu gaban aji. Na miƙa littafina, shafi uku cike, tsaf da rula. Ya yi min tambayoyi a kan guda huɗu, na amsa duka da abin da na ji a bakin Buba.

Aka zo kan Buba, ya miƙa sanda.

Hedimasta ya juya ta, ya juya, sannan ya dube ni ya ce mene ne wannan, tunda ni ne abokinsa. Buba ma ya dube ni, har da ɗan murmushi, don ya san shaidarsa ta zo.

Na ce, "Malam, ƙidayar shanun babansa ce."

Aji ya kwashe da dariya. Buba ya ɗora yatsa a kan wata tsaga ya fara ba da labarinta. Bai kai ko'ina ba Hedimasta ya karya sandar a gwiwa, ya wulla ta taga, ya ce makaranta ba ruga ba ce. Ya kuma zare wani littafi mai jan bango daga aljihun Buba, ya ba ni in kulle a akwati. Saura 'yan shafuka ya gama shi. Ni kuwa tuni sunan littafin yana cikin lissafina, har da ranar da na gama.

Buba bai sake taka makarantar ba. Ni na tafi kwaleji, na yi malanta a Gagarawa, na zama hedimasta, na yi ritaya da lambar yabo. Duk lokacin da abin ya taso min sai in ce ai ko an ba shi fom ɗin, iyayensa cire shi za su yi. Ƙarya ce. Babansa da kansa yake rako shi kullum damina, in hanya ta cika da ruwa.

Bara muka haɗu a karar shanu ta Maigatari, ranar Alhamis. Na je raka surukina sayen rago. Na ji an ce, "Kaɗo." Na juya, ga tsoho siriri, gemu fari fat, ido ɗaya ya mutu. Ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya ja ni rumfa, ya sa aka dama mana fura, ya hana ni taɓa aljihu. Ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Na yi ta juya neman gafara a bakina, ina jiran wurin da zan saka ta.

Sai ya riga ni. Ya ce littafin nan mai jan bango, wanda aka karɓe masa, tunda na karanta shi, in taimaka in gaya masa yadda ya ƙare.

Jama'a, ga ƙofa Allah ya buɗe min. Kalma uku kawai ake nema: ban karanta ba.

Sai na gyara zama na shirya masa ƙarshe. Na aurar da wannan, na kashe wancan, na maido da wani gida da dukiya. Ya saurare ni har na gama, yana gyaɗa kai, bai katse ni ko sau ɗaya ba.

Ya kurɓi furarsa, ya ajiye ludayi, ya ce, "Ba haka ya ƙare ba, Ilu. Na saye shi a Kano tun ba a haifi babban ɗana ba. So nake in ji ko yanzu za ka iya cewa ba ka sani ba."

Ba faɗa, ba zagi. Ya kakkaɓe rigarsa, ya ce in gaida gida, ya koma wajen shanunsa.

Na karɓi lambar ɗansa a ranar, wai zan je har rugar in durƙusa. Daga nan Gumel zuwa can ba ta kai tafiyar awa guda ba. Shekara ta zagayo ina cewa sati mai zuwa.

Allah ka gafarta wa Buba. Ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa, ka biya shi abin da aka ƙwace masa a duniya da mafificinsa. Ka ba iyalinsa juriyar rashi.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ɗaya ce. Amma kada wanda ya rubuto min cewa Allah ya ba ni haƙuri. Ba ni aka zalunta ba.