Taron Talata Ya Biyo Ka Gida, Ɗantala

Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinsa, kuma gare Shi dukanmu za mu koma. Ranar Lahadi, 12 ga watan Oktoba na shekarar 2025, da hantsi, Allah ya yi wa Malam Rufa'i Ɗantala rasuwa a gidansa da ke Angwal Marke, cikin ƙasar Gesheme, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun tsakiyar damina. Shi ne shugaban Ƙungiyar Agajin Maƙwabta tun ranar da aka kafa ta. An yi masa sutura bayan sallar azahar.

Ni ban samu jana'izarka ba, Ɗantala. Lokacin da ake saka ka a kabari ina Tibiri, tsaye a ƙofar ɗakin haihuwa, ina sauraron kukan jikata ta fari. Har yau mutane suna tare ni a hanya, su yi mini barka, sannan su yi mini gaisuwarka, ni kuma in rasa da wace fuska zan amsa. Ba zan ɓoye maka ba, murna ta cika ni. Na san da kana nan kai ne za ka fi kowa dariyar tsoho ya zama ango.

Ba mu da gidan ƙungiya, ba mu da kujeru. Tabarmi ne da inuwar marken bakin rijiya, kowace Talata bayan la'asar. Masu karatun lakkol, wato ƴan boko, suna cewa runiyo da Faransanci, mu muna cewa taron Talata. A can ake faɗin wanda ke kwance ba lafiya, da wadda ruwa ya kayar wa da ɗaki, da gonar da mai ita ya kasa nomewa. Kafin magariba an raba aiki, kowa ya san inda zai wayi gari.

Ƙungiyoyi da yawa na ga an kafa a ƙasar nan, daga Dogon Dutsi har Matankari, kuma na ga yadda suke mutuwa. Yau mutum guda ya ƙi zuwa, gobe biyu, sai a ce za a ci tara, sai wanda aka ci tararsa ya yi fushi ya tafi da abokansa. Kai ka hana cin tara tun ranar farko. Ƙa'idar da ka kawo, lokacin mun ɗauke ta wasa: duk wanda ya yi fashi bai aiko da uzuri ba, Talata mai zuwa a naɗe tabarmi, a kai taron ƙofar gidansa, shi kuma ya kawo ruwan sha. Ka ce mutum ba ya ƙin zuwa sai don ciwo, ko fushi, ko babu, kuma duk ukun ziyara suke buƙata. Da wannan ƙa'ida muka gano masu kwana da yunwa suna jin nauyin faɗa. Da ita muka sasanta ƴan'uwan da iyakar gona ta raba.

Wanda ya fi ba ka wahala shi ne Yazid, yaron nan mai shago a bakin hanya, mai son sunna da zafin zuciya irin na samari. Ya fita daga ƙungiya ranar da muka karɓi tsohon nan mai goge na gidan ƴan bori. Ya ce ba zai haɗa tabarma da shi ba. Ba ka yi masa wa'azi ba. Talata na zuwa ka sa muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar shagonsa, har mai sayen sukari sai ya tsallake ƙafafun dattawa. Talata ta gaba ma haka. Ran nan ya fito, fuska a ɗaure.

“Baba Ɗantala, don Allah mi na yi maku? Kun toshe min ƙohwar shago.”

Ka ce, “Kai munka biyo, ɗana. Ka taho inda muke, mu bar maka ƙohwarka.”

“Ni na hita, Baba. Na hwaɗa maku na hita.”

“Mu ba mu hidda ka ba. Ina ruwanmu na sha? Rana ta yi zahi.”

Ya kawo ruwan, don ba shi da yadda zai yi. Yana tsaye kana ce masa amalanken ƙungiya ba ya tambayar mai naƙuda inda mijinta ke salla, kuma damin mai goge da damin liman nauyinsu ɗaya a rumbu. Talata ta gaba sai muka same shi a gindin marke kafin kowa. Bai canza ra'ayinsa a kan bori ba har yau, tsohon ma bai aje gogensa ba. Tabarma ɗaya dai suke zama.

Tara abin aiki ma da hanyarka. Ba ka yarda da kotizasiyon, wato karo-karon kuɗi na wata-wata, ba, don ka san manomi ba ya da kuɗi a aljihu sai lokaci-lokaci. Dami kake karɓa, kuma a gona kake karɓarsa, lokacin kaka, kafin ya iso gida. Kana cewa hatsin da ya riga ya shiga rumbu ba ya fitowa da daɗin rai. Sai a ga ka taho cikin kara, hula a karkace, kana yi wa mai gona barka da arziki tun daga nesa. Wa zai iya ce maka babu, ga dammuna jibge a gabansa? Mata kuma suna ba da wake da kuɓewa busasshiya. A zuba a rumbun ƙungiya, a jira bazara hatsi ya yi daraja, sannan a sayar. Da haka muka sayi amalanke da bijimi na kai marasa lafiya gidan likita. Da haka muka gyara bakin rijiya. Da haka kuma muka sayi fitila da alli na makarantar dare ta yaƙi da jahilci, inda ka ja ni da hannunka ina da furfura, kana cewa ƙungiya na buƙatar wanda zai riƙa karanta mana saƙo. Hannun da ke rubuta wannan, kai ka fara miƙa masa alli.

Shekarun nan na baya burinka ɗaya ne, babur mai ƙafa uku wanda za a shimfiɗa katifa a bayansa. Bijimi yana da haƙuri, amma yashin hanyar Tibiri ba ya sauri, naƙuda kuma ba ta jira. Gidana ya san wannan fiye da kowane gida. Ɗiyata Hanifa sau biyu tana isa gidan likita bayan abin da ke cikinta ya riga ya koma. Na biyun kai ka riƙe igiyar bijimin. Bayan mun dawo, Talata na zagayowa ka miƙe a gindin marke ka ce daga yau hatsin rumbu na babur ne. Kaka biyu mun tara. Da ta bana muke sa ran cikawa.

Da ciwo ya kwantar da kai, ƙa'idarka ta hau kanka. Taro ya koma zaurenka, matarka Sa'a tana aiko da ruwa. A taron ƙarshe da ka halarta, kana kishingiɗe jikin bango, Yazid ya kawo shawarar a buɗe rumbu a sayar da hatsi a kai ka babban asibiti. Kowa ya amince. Kai kaɗai ka ɗaga hannu.

“Likita ya gan ni, ya hwaɗi abin da ya gani, yarana kuma suna sayen magani. Wanga hatsi na babur ne. Wanda ya taɓa shi don ni, ban yahe ba.”

Sai ka juyo gare ni.

“Dauda, ɗiyarka watanta ya tsaya?”

Na ce ya tsaya.

“To mi amalanke ke yi a ƙohwata? A kai shi gidan mijinta, a ɗaure bijimin can. Da ta ce wash, ku kama hanya, kada ku jira kowa.”

Na ce, “Kai hwa? In jikin ya motsa?”

Ka ce, “Ni haihuwa za ni yi?”

Muka yi dariya, har kai, har tari ya sarƙe ka. Ban san ita ce dariyarmu ta ƙarshe ba.

Ranar Lahadin nan da sassafe Hanifa ta ce wash, muka kama hanya kamar yadda ka ce. Wannan karon mun isa da wuri. Muna can jikinka ya motsa, aka nemi amalanke aka tuna yana Tibiri. Kafin a samo wata dabara ka cika. Wannan magana ta dame ni, har na je gaishe da Sa'a tana nan a raina. Ita ce ta yi magana daga bayan labule. Ta ce, “Malam Dauda, kada ka sa wa ranka komi. Lokaci ne. Da sunka ce amalanke ba shi nan, ya tambaya ko an tahi da Hanifa. Anka ce an tahi. Ya ce madalla.” Na yarda lokaci ne, babu mai ƙara wa wani numfashi. Amma na kuma yarda gari guda bai kamata ya dogara da amalanke guda ba, har a ce mutum biyu su buƙace shi rana ɗaya, ɗaya ya haƙura.

Jikar tawa mace ce. Da namiji ne da sunanka ya ci. Sai muka sa mata Sa'adatu, sunan wadda ta yi shekaru tana aiko mana da ruwa. Tana da ƙoshin lafiya, tana da murya, in ta buɗe baki har maƙwabta sai sun san an yi mini amarya. Uwarta ta tashi lafiya. Kullum da safe sai na je na ɗauke ta, ina yi mata kirari, tsofaffin gidan suna cewa na zauce. Na zauce ɗin. Na daɗe ina jira.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Talatar farko ta faɗo cikin zaman makoki, ba a yi taro ba. A kwanakin nan na ji maganganu a masallaci da bakin rijiya. Wasu na cewa ƙungiya ta bi mai ita. Wasu na cewa a buɗe rumbu kowa ya ɗauki rabonsa tun ana ga maciji da juna. Kaka kuma tana ta wucewa, dammuna suna shiga rumbunan gida, babu mai zagaya gonaki. Kai da kanka ka koya mana abin da hakan ke nufi.

Talata ta biyu na je gindin marke. Ni ne da tsoho mai goge da wani maƙwabcinsa. Muka zauna muna kallon hanya. Na fara tunanin ko masu maganar nan gaskiya suka faɗa. Sai ga Yazid a kan babur ɗinsa, bai ko kashe shi ba.

“Baba Dauda, mi kuke yi nan?”

Na ce taro muke jira.

“Ba nan taro yake ba. Shugaba ya yi hwashi waccan Talata, kuma bai aiko ba. Ku naɗe tabarmi.”

Tsoho mai goge ne ya fara miƙewa. Yazid ya ɗora tabarmin a bayan babur, muka bi shi a ƙasa, muka ratsa gari. Duk wanda ya ga tabarmin nan sun nufi gidanka ya gane, ba sai an kira shi ba. Kafin mu gama shimfiɗawa ƙofar gidanka ta cika, har da waɗanda suka ce a raba hatsi. Ba wanda ya aika ciki. Can sai ga tulun ruwa ya fito, da moɗa a kansa. Bayansa aka fito da dami guda, Sa'a ta ce daga gonarka ne, na bana, ka ware shi tun kana iya magana. Mutane da yawa sun sunkuyar da kai. Maganar raba hatsi ba ta sake tashi ba.

A nan aka yanke cewa rumbu ba zai buɗu ba sai don babur. Aka ba Yazid riƙon ƙungiya har a yi zaɓe. Ni kuma na karɓi igiyar bijimi, in riƙa zagaya gonaki ina karɓar dami a madadinka. Ba ni da bakinka, ban iya yi wa mutum barka da arziki har ya ji kunya ba. Amma ina da abin da zan faɗa a kowace gona: ku zo gidana ku ga Sa'adatu. Na fara zagaye, kuma ba zan aje igiyar nan ba sai na taka gonar ƙarshe ta Angwal Marke. Masu hatsin da ya riga ya shiga rumbu ma zan tsaya a ƙofarsu. In Allah ya yarda, kafin damina ta sake jiƙa hanyar Tibiri, babur zai tsaya a gindin marke.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Sa'a, da ƴaƴanka maza da mata, da ƴan'uwanka na Gesheme da na Dogon Dutsi, da dukan ƴan ƙungiya. Allah ya ba ku haƙuri, ya riƙa muku abin da ya bari. Ya Allah, bawanka Rufa'i ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Kowane dami da ya ɗauko daga gona, da kowace mace da amalanken nan ya kai gidan likita, Ka sa su a mizaninsa. Yadda bai taɓa barin wanda ya yi fashi shi kaɗai ba, kada Ka bar shi shi kaɗai. Ka sada shi da Annabin rahama, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.

Ga sauran ƴan ƙungiya da wannan rubutu zai iske: Talata mai zuwa bayan la'asar muna gindin marke. Wanda bai zo ba ya share ƙofar gidansa, ya cika tulunsa.

Dauda Aminu, Angwal Marke