Wabin Yakura Mai Dabino

Duk wanda ya ci kasuwar Gure a shekarun casa'in ya san Yakura mai dabino. Ba ta ragi, ga baki kamar reza. Ni maƙwabciyarta ce, mun sha faɗa a kan kaji, amma ban taɓa jin tausayin wani mahaluki kamar yadda na ji nata ba.

Da cikin fari, kamar kowace 'yar gata, aka kai ta goyon ciki wajen uwarta a Alakos. Can ta haifi Garbai lafiya lau, ta yi wankan jego, ta dawo fes. Daga shi sai wabi. Yaro zai zo da kukansa, kafin suna ya yi rawaya har cikin ido, ya koma. Ta sha rubutu, ta sha sassaƙe, duk a banza.

Da ta sake samun ciki, mijinta Aisami ya kai ta likita a Damagaram. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya ɗiga jininta da na mijin a kan gilashi, ya ɗiga wani ruwa a kai. Na Aisami ya dunƙule, nata ya tsaya yadda yake.

"Jininki da na mai gidanki ba iri ɗaya ba ne," in ji majon. "Ran da kika haifi na fari, jininsa ya shiga naki, jikinki ya ƙera makamin yaƙi da shi. Duk ɗan da ya ɗauko jinin uba sai makamin ya far masa. Akwai allurar da ke hana haka."

"To a yi mini mana."

"A kwanakin haihuwar fari ake yin ta, baiwar Allah. Yanzu ta wuce. Sai dai in wannan ya ɗauko naki jinin."

Ta dawo ta ci gaba da auna dabino, ta hana a gaya wa uwarta, don tsohuwa gata ta yi mata da ta karɓi haihuwar farin a gida, inda babu allurar. Wata la'asar na leƙa ta katanga zan yi mitar kaji, ta kira ni, ta ɗora hannuna a kan cikin. Yaron na ta shuri.

"Kin ji shi? Ƙalau yake," in ji ta. "Shekara da shekaru ina neman mayyar da ke cinye mini 'ya'ya, har ke na zarga. Ashe a jikina take, kuma tana nan tare da shi."