Badaru Ya Cire Takalmi

Shekara da shekaru Badaru yana aikin injin niƙa a bakin kasuwar Daura, har ƙarar ta kashe masa kunnen dama, na hagun ma sai an ɗaga murya. Lokacin da mai injin ya sayar da shi, Badaru ya haura arba'in, ga iyali. Sai ya je wurin Sharu Munzali, ƙanen mahaifiyarsa, mai tsohuwar tirelar ɗaukar shanu, ya roƙi ya koya masa tuƙi. Bai ɗauko zancen kunne ba.

Giyar motar ba ta shiga sai da lallami. A taka kuloci a fito da ita, a saki, a ba inji wuta, a sake takawa, sannan a tura. Sharu ya ce kunne ke aikin, injin ne zai faɗi lokaci. Badaru ya gyaɗa kai. Dabarar da ya yi ita ce cire takalmi, yana jin rawar injin ta tafin ƙafa.

Wata ranar kasuwar Mai'adua sun yi lodi, Sharu ya ba shi sitiyari. Suna shiga wata gangara suka hango amalanken kara ya karye a bakin gada, mai shi yana fama da bijimai. In aka danne birki gaba ɗaya, shanun baya za su zube kan juna, dole a rage giya. Badaru ya fito da ita, ta ƙi komawa. Titin duk ramuka, motar na girgiza, ƙafarsa ba ta jin komai. Ya tura, giyar ta yi ƙara ta dawo. Gudu na ƙaruwa. Yana ganin bakin Sharu na motsi, amma bai san me yake cewa ba.

Sharu ya miƙo hannu ya danne masa gwiwa kan totur. Injin ya yi ruri, giyar ta faɗa. Suka tsaya dab da amalanken.

Sharu ya sauka, ya zagayo ta tagar hagu.

"Tun yaushe ba ka ji?"

"Tun ina niƙa, Kawu."

Sharu bai yi faɗa ba, ya dai karɓi motarsa. Washegari shi da kansa ya kai Badaru asibiti a Katsina, aka ba shi na'urar kunne. Doguwar hanya kam bai sake ba shi ba. Yanzu tifar yashi Badaru yake ja, tsakanin Daura da Sandamu.